Na'urar da Ake Kira Kasuwa

Wani daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya leƙa kwamfutata shekaranjiya ya ga jadawalin da nake gyarawa, sai ya juya ya ce wa abokinsa wai ashe aikin Baba Sabo ke nan, suna a hagu, suna a dama, ko ɗan firamare zai iya. Na ji shi sarai, kunnena bai mutu ba tukuna. Ban yi fushi ba, dariya ma ya ba ni. To tunda yau babu wuta kuma batir ya yi ƙasa, ku jawo benci ku zauna in gaya muku abin da ke tsakanin hagun nan da daman.

Duk manhajar da kuka sani, mutum ne ya rubuta ta da yaren da mutum ke iya karantawa. Waya ba ta jin wannan yare, kwamfuta ma ba ta ji. Sai an miƙa rubutun ga wata manhaja da ake kira kamfaila, ita ce ke juya shi ya koma abin da ƙwaƙwalwar na'ura ke ganewa. Ƙwaƙwalwar kuwa iri-iri ce, abin da wannan ta gane waccan ba ta san shi ba. Ita kuma kamfaila ba ruwanta da wai wayar Alhaji ce ko kwamfutar makaranta. Dole ka gaya mata dalla-dalla: wace ƙwaƙwalwa ce, wane tsari ne ke tafiyar da na'urar, ta wace hanya suke miƙa wa juna lissafi. Mu a shagon nan awo muke ce wa wannan bayanin, saboda kamar awon tela yake. In aka ɗinka maka da na wani, rigar za ta yi kyau amma ba za ta shige ka ba. Jadawalin da kuka raina shi ne ke cewa na'ura mai suna kaza, awonta kaza. Tsarin da ke gina manhaja ya ɗaure ta ta zama ƙunshi ɗaya da za a iya sawa a waya, nan yake dubawa, kuma abin da ya gani shi yake bi ido rufe.

Da a ce kowace na'ura sunanta ɗaya, da tuni na koma gona na bar muku shagon. Amma ina! Wannan kayan aikin ya ce x64, wancan ya ce x86_64, alhali abu guda suke nufi. Wani zubin kuma suna ɗaya ne, na'urorin da ke amsa shi biyu, kuma ba sa ga maciji da juna. Kai ne za ka san wanne ne wanne, babu mai gaya maka.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, magatakarda ne a ofishin hakimi a nan Ƙaraye, a wurinsa na koyi buga tafireta tun yatsuna ba sa kai wa haruffan sama. Da kwamfuta ta fara shigowa sai ya tura ni Kano wurin wani abokinsa, Malam Tijjani, mai shagon buga takardu da gyaran kwamfuta. Malam Tijjani irin mutanen nan ne da in an kawo musu na'urar da ba su taɓa gani ba, sai abinci ya huce a gabansu ba su sani ba. Amma wajen koyarwa ba shi da sauƙi ko kaɗan. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na rubuta ko layi ɗaya ba. Aikina shi ne in gini ya rushe, wato kamfaila ta tsaya ta zubo ƙorafi shafi-shafi, in zauna in karanta in gaya masa abin da ya faru. Ni kuwa sai in gangara can ƙasa in karanto masa layin ƙarshe. Shi kuma ya ɗan ƙwanƙwasa min biro a ƙeya ya ce in koma sama, ƙorafin farko shi ne na gaskiya, sauran duk 'yan rakiya ne.

Aikin da na fara ganin amfanin wannan horo, a wata makaranta ne a Unguwar Hajji. An ba su kyautar wasu ƙananan kwamfutoci, kowacce ba ta fi sabulun wanki girma ba, tare da manhajar koyon karatu da wani ya gina musu a birni. Hedimasta ya sa aka share aji, aka yayyafa ruwa, aka gayyato mai unguwa. Aka kunna, aka danna manhaja, shiru kake ji. Hedimasta ya san mahaifina, don haka ya aiko mana Kano, muka hau mota ni da Malam Tijjani. Takardar da ta zo da kwamfutocin ta ce ƙwaƙwalwarsu irin ta waya ce, kuma wanda ya gina manhajar da awon waya ya gina ta, ka ga a ido komai daidai. Malam Tijjani ko kallon takardar bai yi ba. Ya jona kibod, ya buga wa na'urar tambaya, ta amsa da kanta. Ƙwaƙwalwa dai irin ta waya ce, gaskiya ne, amma tsarin da ke kanta daban, hanyar miƙa lissafi ma daban.

Ya juyo ya ce min, "Sabo, takarda ba ta san na'ura ba, kwali ma bai san ta ba. Ita za ka tambaya."

Allah Ya taimaka an haɗo wa makarantar da ainihin rubutun manhajar a faifai. Muka ƙara layi ɗaya a jadawali, muka sake gini, kafin la'asar yara suna ta bin haruffa da ƙarfi har ana jiyo su daga bakin titi. Wallahi ranar ji na yi kamar in yi tsalle a tsakiyar aji, sai dai ga mai unguwa a zaune.

Da na dawo gida na buɗe shagon nan, kayan aikina ba su wuce waɗanda kuke gani ba. Tsohuwar kwamfutar can mai gurnani ita ce ke gini. Sola a kan rufi, batir a ƙarƙashin tebur, da 'yar na'urar intanet da na ɗaure a kan gora na ɗaga sama don ta kamo sabis. Sai farantin can na kan kanta, wanda kuke ce wa maƙabartar waya. Ku daina raina shi. Kowace waya da ke cikinsa tana tsaye ne a madadin layi ɗaya a jadawali, kuma babu ƙunshin da ke fita daga nan sai ya buɗe a kowaccensu. Masu kawo aiki kuwa, Allah Ya ba ku haƙurin zama da su. Wani mai kemis daga Kurugu ya taɓa kirana yana son manhajar kula da magunguna, na tambaye shi wace irin kwamfuta gare shi, ya je ya duba, can ya ce baƙa ce. Kada ku yi masa dariya, shi magani ya sani, kuma in kai ya tambaye ka abin da ke cikin kwalbarsa haka za ka amsa. Babur na hau na je na tambayi baƙar da kaina.

To amma shekarar da ta fi ba ni wuya, kuma ita ce ta fi ba ni daɗi, ita ce shekarar da darɓa ta sauka wa gyaɗa a ƙasar Rogo.

Wata ƙungiya ce a Kano mai taimaka wa manoma ta sa aka rubuta manhaja. Ka ɗauki hoton ganyen gyaɗarka, waya ta gaya maka da murya, da Hausa tsantsa, abin da ke damunta da abin da za ka yi, ba sai da data ba. Wasu ne suka rubuta, nawa shi ne ginawa da ɗaure ƙunshi. Shugabar aikin, Hajiya Binta, ita ta nemo ni. Wayoyin da ke hannun mutanenmu kashi biyu ne, tsohon zubi da sabon zubi, a jadawali ana rubuta su armv7 da aarch64. Layi biyu, awo biyu, ƙunshi biyu. Muka ɗora su a rumbun manhajoji na intanet, shi kuma rumbun ya san aikinsa, duk wayar da ta zo neman manhajar sai ya duba irinta ya miƙa mata nata. Na sauke a kowace waya da ke farantin nan, duk suka buɗe. Na tsinko ganyen gyaɗa a bayan gidanmu na ɗauka a hoto, wata waya mai fasasshiyar fuska ta buɗe baki ta ce lafiyarsa ƙalau. Kai, ranar har masu wucewa sai da na tare na nuna musu.

Wanda zai kai manhajar ga manoma a yankin Gwangwan shi ne malamin gonarsu, Malam Lawal. Ɗan mai unguwa ne a can, na girme shi sosai, Yaya yake ce min. Mutum ɗaya, babur ɗaya, ƙauyuka kuwa ba sa zagayuwa a mako. Shi ba mai yawan magana ba ne, kuma abin da yake aiki da shi ke nan, in ya faɗi abu a yarda. Da ya ga manhajar ta yi aiki a wayarsa ta ofis, daɗi ya kama shi, ya miƙe a ƙofar dagaci bayan sallar Juma'a ya ce wa jama'a bana kowa zai sami malamin gona a aljihunsa.

Damina ta kankama, gyaɗa ta rufe kunya, sai aka fara ganin wata tana ƙanƙancewa, ganyenta ya yi rawaya ya nannaɗe. Malam Lawal yana gani ya gane. Kuturun gyaɗa ne, darɓa ce ke kwasarsa daga wannan tushe zuwa wancan. Maganinsa a tuge wadda ta kamu tun da wuri a binne, a yi wa sauran feshi. Manoma suka ce a'a, yunwar taki ce kawai. Ku da ba ku taɓa noma ba ba za ku gane ba, amma ka ce wa mutum ya tumɓuke abin da ya shuka da hannunsa yana tsaye da ransa, sai wanda ya yarda da kai ƙwarai. Ga shi kuma wayar da za ta yi wa Malam Lawal shaida ta ƙi shiga wayoyin mutane. A sa, ta ce ba ta shiga ba. A sake sawa, haka. 'Yan tsiraru ne kawai tasu ta karɓa, su ma yawancinsu 'yan kasuwa ne da ba su da ko kunya ɗaya ta gyaɗa.

Akwai wani dattijo a garin, Baba Maikano, wanda in bai fara shuka ba babu mai farawa. A wani zama a ƙofar dagaci ya ɗaga tsohuwar wayarsa sama ya ce, "Lawwali, ashe kai ma ka shiga siyasa ba mu sani ba?"

Aka kwashe da dariya. Ya ƙara da cewa shi ba zai tuge gyaɗarsa a kan maganar wanda alkawarinsa na farko bai cika ba. Tunda kuwa Baba Maikano ya ƙi, gari duka ya ƙi. Malam Lawal ya kira ni, muka gaisa har da tambayar iyali kamar babu komai, sannan ya ce, "Yaya Sabo, ba wayar ce ta dame ni ba. Maganata ce ta faɗi, kuma gyaɗar mutane za ta bi ta."

Hankalina ya tashi matuƙa. Na duba rumbu, babu ƙorafi ko ɗaya. Na sake sauke manhajar a duk wayoyin faranti, duk suka buɗe suna min magana. Na karanta jadawali sama da ƙasa, babu abin da ya kauce. Na kira Hajiya Binta, ta ce ko wayoyin ne suka cika, ko kuma mutane ba su iya sawa ba. Duk biyun za su yiwu, amma daga Ƙaraye ba zan iya tambayar wayar da ke Gwangwan ba. Ranar kasuwarsu na sa ƙaramar kwamfuta da kebul a leda, na ɗaure a bayan babur, na bi ta Rogo. Hanya duk taɓo, na isa wandona ya rine har gwiwa.

Wayar farko da na jona ta wani mai sayar da manja ce. Na tambaye ta, ta ce ita tsohon zubi ce. Na duba ƙunshin da ya ƙi shiga, na sabon zubi ne. To, an fara ganin haske. Sai ga wani ya miƙo min tasa, sabuwa fil ko ledar fuskarta ba a ɓare ba, ya ce ita ma ta ƙi. Kwalinta ya ce sabuwar ƙwaƙwalwa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma da na tambaye ta sai ta ce tsarin da aka ɗora mata tsohon zubi ne, don haka tsohon awo kaɗai take karɓa. Irin waɗannan wayoyin su ne suka cika kasuwanninmu saboda su ne masu sauƙin saye. Wannan duk bai ba ni mamaki ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, rumbu ya san duk wannan, ba zai taɓa miƙa wa irin wannan waya sabon ƙunshi ba. To ta ina ya shigo? Na tambayi mutumin yaushe ya shiga intanet ya sauke. Ya dube ni kamar na yi masa Turanci, ya ce wane intanet, ya nuna min wata rumfa da baki.

Rumfar Ilu mai caji ce. Magidanci ne mai furfura a gemu, yana da ƙaramin janareta da wani katako da ya jera wa soket, wayoyin gari duk a kwance a kai suna shan wuta. Na sami wuri na tsuguna ina kallo. Mutum zai zo karɓar wayarsa ya ce a sa masa sabon wa'azi, wani ya ce waƙa, wani ya ce fim. Ilu ya ɗauko tasa wayar, ya kusanta ta da ta mutumin, ya danna, abu ya tsallaka daga wannan zuwa waccan, babu data babu sabis. Na tambaye shi manhajar gyaɗa fa. Fuskarsa ta washe, ya ce ai Malam Lawal ne ya tura masa daga wayarsa ta ofis, shi kuma ya ga abin alheri ne, duk wanda ya kawo caji sai ya tura masa kyauta, har ya ba wa 'yan'uwansa masu caji na sauran ƙauyuka. Abin da ya dame shi kawai, wai ba ta son zama.

Ban san lokacin da na fashe da dariya ba, ina tafa hannu a tsakiyar kasuwa, mutane suna kallona. Malam Lawal da ya zo ya same ni yana tsaye a gefe, ya ɓata rai, ya ɗauka na zauce. Ni kuwa daɗi ne ya cika ni, irin daɗin da wannan sana'a kaɗai ke bayarwa. Jadawali daidai yake, rumbu daidai yake, Malam Lawal bai yi laifi ba, Ilu bai yi laifi ba. Wayar ofis sabon zubi ce, rumbu ya ba ta nata, sai natan ya tashi ya shiga gari. Waɗanda suka ƙirƙiro tsarin ginin nan sun ɗauka ƙunshi waya ɗaya yake shiga ya zauna. A ƙasarmu kuwa waya ɗaya ce ke saukewa, gari guda ya karɓa daga hannu zuwa hannu.

A nan rumfar muka fara neman mafita. Na ce zan ba Ilu ƙunshi biyu ya riƙa zaɓa wa kowa nasa. Ya girgiza kai ya ce ranar kasuwa ba shi da lokacin tambayar waya asalinta, kuma ko ya zaɓa daidai, wanda ya karɓa zai je gida ya tura wa ƙaninsa. Gaskiya ya faɗa. Na yi tunanin a bar tsohon ƙunshi kaɗai ya yi yawo tunda yawancin sababbin wayoyi suna karɓarsa, sai na tuna waɗanda suka fito kwanan nan sun daina karɓa, gobe a sake yin wannan abin kunya ta ɗaya gefen. A kan babur ina komawa gida amsar ta zo min, har na kusa afkawa kwata. Ba wata waya ce ke karɓar ƙunshinmu ba, kasuwa ce ke karɓa. To a sa kasuwa a jadawali.

Ina isa shago na buɗe jadawali na ƙara layi na uku. A hagu na rubuta kasuwa, a dama na jera awo biyun duka, a gina kowanne a ɗaure su a ƙunshi ɗaya, duk wayar da ya faɗa ta ɗauki nata. Tsarin gini ya yi tsalle ya dire, shi suna ɗaya awo ɗaya ya sani. Sai da na shiga cikinsa na sake rubuta wurin da yake karanta jadawalin. Layin nan yana nan har yau, ku duba za ku gan shi. Da ƙungiyar ta saki rubutun manhajar ga duk mai so, wani daga wata ƙasa mai nisa ya rubuto yana tambaya cikin ladabi wace na'ura ce kasuwa, wane kamfani ke ƙera ta, don shi bai taɓa jin ta ba.

Hajiya Binta da farko ba ta yarda ba. Ta ce ƙunshin zai yi nauyi ya cinye wa talaka data. Na ba ta labarin rumfar Ilu tiryan-tiryan. Sai ta ce to data ba matsala ba ce, amma akwai wadda ban gani ba, tsofaffin wayoyin nan cike suke da wa'azi da hotunan biki, ƙunshi mai nauyi ba zai sami wurin zama ba. Ita da mutanenta suka zauna suka cire hotunan ado, suka matse muryoyin, suka aiko min da abu sakayau.

Sai hadari ya ce bai san zancen ba. Sama ta rufe, rana ta ƙi fitowa, sola ta kasa cika batir. Gina awo biyu a kan mai gurnanin can aiki ne mai cin lokaci, ya yi nisa sai batir ya yi ƙara ya ɗauke, a koma farko. Malam Lawal kuma kullum sai ya kira, ba ya cewa in yi sauri, sai dai ya gaya min gonar wa ta kamu yau. Da na ga abin ba na wasa ba ne na je wurin maƙwabcina mai aski na roƙe shi, ya jawo min waya daga janaretansa ta taga. Gini ya kammala da hantsi. Na canza hoton manhajar daga koren ganye zuwa ƙwayar gyaɗa, domin babu wanda zai tsaya karanta lamba, amma kowa zai iya cewa a ba shi mai hoton gyaɗa. Sannan na yi gwajin da ban taɓa yi ba. Na sa ƙunshin a waya mafi sabunta a faranti, na tura daga ita zuwa ta kusa da ita, daga waccan zuwa ta gaba, yadda Ilu yake yi, har ya kai kan wadda ta fi kowacce tsufa. Ta yi jim, ta yi jim, sai ta buɗe ta yi min sallama. Ihun da na yi sai da mai aski ya leƙo da aska a hannu.

Ban jira ranar kasuwa ba, a ranar na koma Gwangwan. Ilu ya goge tsohon ƙunshi daga wayarsa, ya karɓi sabo, ya aika wa sauran masu caji cewa mai koren ganye ta mutu, mai hoton gyaɗa ce yanzu. Muka gwada a wayoyin waɗanda ke rumfar, tana shiga ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Malam Lawal bai yi murna ba. Ya ce duk wannan ba komai ba ne in Baba Maikano bai motsa ba, kuma shi ba zai iya zuwa ƙofar gidansa ya sake yi masa wani alkawari ba.

Ashe wayar dattijon tana kan katakon Ilu tana caji. Bayan la'asar sai ga shi ya zo karɓa, yana dogara sanda. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa min, ya amsa wa Ilu, Malam Lawal kuwa ya amsa masa a taƙaice ba tare da ya dube shi ba. Ilu ya ce, Baba, a sake gwadawa? Ya ce ya yi abin da ya ga dama, ai ya saba. Ilu ya kusanta wayoyin biyu ya danna. Manhajar ta shiga. Dattijo ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ce shiga daban, aiki daban, shi a gona ake gwada masa abu ba a rumfa ba. Ya juya ya kama hanya, muka bi shi, duk wanda ya gan mu sai ya biyo, kafin mu fita gari mun zama ayari.

Gonarsa babba ce, gyararriya, amma gefen gabas ya riga ya tafi, duk ya yi rawaya ya kwanta, kuma ga ɗiso-ɗiso ya fara shiga tsakiya. Dattijo ya tsuguna a kan wata gyaɗa da ta nannaɗe, Ilu ya nuna masa inda zai danna, ya ɗauka da hannunsa. Wayar ta ce wannan kuturun gyaɗa ne, ba rashin taki ba ne, a tuge wadda ta kamu a binne, a yi wa sauran feshin darɓa. Dattijo ya taka zuwa wata koriya shar ya ɗauka, ta ce lafiyarta ƙalau. Ya koma kan wata mai rawaya, ta maimaita maganar farko. Duk wanda ke wurin ya san ba yau ya fara jin wannan magana ba, kuma ya san daga bakin wa ya fara jin ta.

Malam Lawal yana can bakin gona a gindin wata ɗorawa, ya harɗe hannu, tun da muka iso bai shigo ba. Baba Maikano ya daɗe yana kallon gefen gabas. Sannan ya kashe wayar, ya jefa ta a aljihun rigarsa, ya miƙa wa Ilu sandarsa.

"Malam Lawal," ya ce, "zo ka shiga gaba. Wadda ka nuna, ita zan tuge."

Malam Lawal ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya shigo kunya. Ya nuna ta farko. Dattijo ya sunkuya ya kama ta da hannu biyu ya fizgo, 'yan ƙwayoyinta farare suna reto a jikin saiwa, ya jefar da ita gefe bai ko kalle ta ba, ya ce, "Sai wacce?"